Zanen da Na Ɗauko Daga Asibiti

Malam Tanimu, ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, wa'azi kuma ba sana'ata ba ce. Amma tunda ka ce in ka dubi mutane sai ka ga kowa ya fi ka jin daɗi, bari in ba ka misali da kaina.

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinkin hula, ashirin da shida daga ciki ina tare da iyalina, Allah bai ba mu haihuwa ba. Da wani ƙullutu ya fito mata a wuya, asibiti suka yanki ɗan nama, bai kai ƙwayar wake ba. Bayan mako biyu likitar ta kira ni ni kaɗai, ta juyo mini da fuskar kwamfuta. Ta ce naman ne suka yanka siriri, suka rina shi kamar yadda ake rina zare, suka duba a madubin da ke ƙara girman abu. Wallahi ban taɓa ganin zane irinsa ba. Ƙasan ruwan hoda, a kai ƙananan zobba masu launin shuni, kowane zobe da ɗigo a tsakiya, sun jeru kamar saƙar zuma. Ban san sanda na ce “Tabarakallah” ba. Sai idona ya kai kusurwar ƙasa. Can zobban sun bar layi, sun kumbura, sun hau kan juna, shunin ya yi duhu, kamar ɗinkin wanda barci ke fizga. Na sa yatsa na ce, “Likita, nan an ɓata aiki.” Ta ce, “Baba, nan ne ciwon.” Wata biyar muka ƙara tare.

Marigayiya ba ta son hoto. Ko a biki, ta hango mai hoto sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Na katin zaɓenta ma ya dushe, ba ka gane komai sai ɗankwali. Bayan sadakar arba'in na koma na roƙi likitar, ta buga mini wancan hoton a takarda. Shi ke nan abin da nake da shi. To wa zan nuna wa in ce ga matata? Sai na yi abin da na iya. Na zana shi a ƙyalle, na nemo zare launi huɗu, na yi wata uku ina ɗinki a ƙofar ɗakinta, ba mai ce mini abinci ya huce. Har kusurwar nan na ɗinka yadda take, ban gyara ba, don ita ma jikinta ce. Ban yi don kasuwa ba. Na yi ne don in na sa a kaina in ji tana kusa.

Kuskuren da na yi ɗaya ne, na kai hular wanki. Ka san yadda masu wankin hula ke kifa su a kan gwangwanaye su jera a bakin titi su sha rana. Ka kuma san halinmu maɗinka: zane ba shi da mai shi, kowa ya gani da ido ya ɗauka, ni ma na ɗauki na wasu ba iyaka. Kwana biyu kacal ta yi a can. Kafin babbar salla zanen ya shiga kasuwa, har an sa masa suna, wai Ango Ya Fito. Abin da ya fi tafiya da su kuwa shi ne kusurwar nan mai duhu. Ƙananan zobban suna cin lokaci, sai suka riƙa rage su, suna faɗaɗa duhun, har ya zagaye hular kaf, kamar yadda ciwon ya yi da marigayiya.

Watan jiya aka ɗaura auren ɗan maƙwabcina. Ango da abokansa shida suka fito da anko, kowa da hula mai zanen a kansa, sun karkata ta gefe, turare na tashi. Uban ango ya kamo hannuna ya ɗaga sama ya ce, “Jama'a, ga mai zanen nan! Wannan hannu akwai albarka.” Wani abokin wasana ya ce, “Tsoho, faɗa mana gaskiya, aljanu ne suka ba ka a mafarki?” Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, na ce amin ga addu'o'insu. Me zan ce? In tsaya a tsakiyar ɗaurin aure in gaya wa yaro abin da ya ɗora a kansa? Aka miƙo mini goro da alawa, na zuba a aljihu, na bi ta bayan masallaci na koma gida, na zauna har aka kira la'asar ban cire takalmi ba.

Ba su da laifi, Malam Tanimu. Zanen yana da kyau, ko yau na gan shi a kan wani sai na waiwaya, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Duk garin nan suna ganin Allah ya ɗaukaka ni, har akwai masu yi mini hassada. Shi ya sa Bahaushe ya ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.