Lamba 4417

"Ku zo ku ga abin da sai a littafi," in ji likitar ɗakin gwaji, idonta na kan madubin duba ƙwayoyin cuta.

'Yar tsokar huhu ce aka kawo da lamba, ba suna, kamar yadda aka saba. A hoton ƙirji ciwon ya yi kama da nimoniya, har an yi wata uku ana ɗirka wa mai shi magani a banza. Ita ta gano ciwon daji ne, irin wanda shekara goma sha biyar tana aiki ba ta taɓa gani ba. Ta rubuta 4417, ta sa hannu.

Da yamma tana zuba wa maigidanta abinci tana ba shi labari, bakinta har kunne.

"Sannu da ƙoƙari, Likita," ya ce, ya yi ɗan tarin nan nasa da ta daɗe tana cewa ƙurar shago ce. "Shi mai lambar, nawa ya rage masa?"

"Wata shida, in an yi sa'a."

"Allah sarki. Ƙaro min ruwa."

Ya cinye abincinsa tas, har da tsokanarta wai gishiri ya yi yawa.

Washegari za ta jiƙa rigarsa, ta laluba aljihu. Katin asibitinsu ta zaro, an ninke shi gida huɗu. Ta san lambar tun kafin ta gama warware shi.