Fitilar Ƙofar Shagon Ladidi

Tun da jirgin ƙasa ya mayar da Dambatta garin masana'antu aka kafa doka: duk shagon da injinsa ya yi kwana ɗari bai motsa ba, fitilar ƙofarsa za ta koma ja, a miƙa shi ga na gaba a layin masu zuba jari. Wanda ya rubuta dokar ya manta takaba wata huɗu ce da kwana goma.

Ranar da Ladidi ta fita takabar mijinta, ta nufi shagonsu na matsar man gyaɗa. Ta riga ta saddaƙar sunan wani za ta tarar a ƙofa.

Sai ta ga fitilar kore shar.

Maƙwabcinsu Malam Tanimu mai walda ya fito yana goge hannu.

"Hajiya, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Malam. Wa ya tayar da injin nan?"

"Marigayi ya bar mini makulli tun yana kwance. Kullum bayan azahar ɗayanmu, mu maƙwabta, yakan shiga ya matse gyaɗa mudu guda. Ga manki can a jarkoki."

Ta zauna a dakali, ta daɗe tana shaƙar ƙamshin tunkuza. Da ta ɗago, ta hangi jar fitila a tsallaken titi.

"Shagon Alhaji Barau fa?"

"Jinyar mahaifiyarsa ya tafi ƙauye. Bai yarda ya ba kowa makulli ba."

Malam Tanimu ya miƙo mata nata makullin.

"A'a, Malam," ta ce. "Bar shi a wurinka."