Ranar da Aka Sallame Ta

"Sauke dugaduganki," in ji malamar rawa, ta kashe kiɗan tana duban wata budurwa. "Taurarin waƙa muke horarwa a Seoul, ba 'yan rawar bale masu ɗage-ɗage kamar zalɓe ba."

Sauran 'yan matan suka ƙunshe dariya. Tun ƙuruciya budurwar take koyon bale, rawar da ake yi a kan yatsun ƙafa, a birnin Busan na Koriya, jikinta ya ƙi mantawa.

"Malama, ai juyin da kika sa mana na bale ne."

"Fita. Kamfani ya sallame ki."

Da budurwar ta dawo ɗaukar jakarta, sai ta tarar da malamar ita kaɗai, ta cire takalmi. Yatsun ƙafarta a murɗe suke, faratan sun yi baƙi, irin na budurwar sak.

Malamar ba ta ɓoye su ba. "Me kike kallo? Ni da aka kore ni, wa ya tausaya mini? Ja min ƙofar."