Shuri Goma Sha Huɗu

Ƙarfe uku na yamma aka kunna fitilun silimar, mutum ɗari biyu suna share hawayen dariya. Fim ɗin 'yan wasan tanti ne, masu yawo gari-gari da dabbobi da 'yan kama, yau shekararsa hamsin cif, amma wurin nan da ɗan kama ke lallaɓowa ya zabga wa goggon biri mai suna Baron shuri a mazaunai har yanzu yana tayar da mutane daga kujera.

Aka koma zauren sama domin bikin cikar fim ɗin shekara hamsin. Dogon tebur, kofi, kek kala bakwai, 'yan tutoci ja da fari tsakanin faranta. Cikin waɗanda suka yi fim ɗin mutum uku suka halarta: Viggo Thorup, ɗan kaman, mai shekara tamanin da ɗaya, Bodil mai kwalliya, sai Ejnar mai ɗaukar hoto, wanda kunnensa ɗaya ya daina aiki. An yi shirun minti guda don tunawa da Holger mai kiwon birin, da ya rasu a makon, yana da shekara ɗari da ɗaya. Daƙiƙa arba'in aka yi, a gaskiya, domin Bodil ta tuntsire da dariya.

Magajin gari ya fito da lambar girman da za a rataya wa Viggo. Viggo kuwa ya riga ya hau labarin da ya ci abinci da shi rabin ƙarni: yadda Holger ba ya barin kowa ya kusanci motar birin, yadda yake jawo shi da sarƙa a ɗauki hoto ya mayar, yadda kowa ke tsayawa nesa ban da shi kaɗai. Aka yi ihun murna sau uku, aka ƙara da dogo.

Sai aka ji cokali yana bugun kofi.

Malama Ragnhild Kjeldgaard ce, wadda ta koyar da lissafi shekara talatin da takwas a garin. Ta miƙe daga kan matashin zaman da ta zo da shi daga gida. Wasiƙa uku ta rubuta wa kwamitin bikin, ba a amsa ko ɗaya ba, wannan kuma rashin tarbiyya ne. Amma al'ada al'ada ce: wanda ya bugi kofi a teburin biki, sai an saurare shi har ƙarshe.

Ta buɗe takarda. Ta ce kowane ɗan kama ya san aikinsa: ƙafa tana tsayawa kafin ta taɓa, tafin hannu ne ke bugun cinya ya ba da ƙarar. Wannan shi ne darasin farko a tanti. Viggo Thorup bai tsayar da ƙafarsa ba. Don haka ba za a rataya masa komai ba sai ya ba Baron haƙuri a gaban jama'a.

Zaure ya ɗauki shewa. Wani ya ƙware da kofi.

"Haba Malama, biri ne fa!" in ji Viggo. "Ko ji bai yi ba. Kuma sau nawa ne? Sau tara."

"Sau goma sha huɗu. Uku da takalmin katako."

"Me ta ce?" in ji Ejnar.

"Ta ce Viggo bai iya ƙirga ba!" Bodil ta kwarara masa a kunne mai kyau.

"Ai tun da can," in ji Ejnar, ya ci gaba da cin kek.

Magajin gari ya gyara murya. "Malama, ko a bar maganar sai bayan..." Ta dube shi ta saman tabarau. Shekara huɗu ya yi a ajinta. Ya zauna, ya ɗora lambar a cinya, ya haɗe gwiwoyi.

"Ba shi haƙuri mana, tsohon banza," in ji Bodil. "Kofina ya huce."

Viggo ya ga dama ta samu. Ya tafi gaban babban hoton fim ɗin da ke bango, inda Baron ke kan keke, ya durƙusa da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya dafe ƙirji ya rera neman gafara da muryar wasa. Mutane suka yi ta buga tebur, tutoci na faɗuwa cikin kek.

"Sake," in ji Malama. "Wannan wasa ne."

Ya sake, yana ƙifta wa jama'a ido.

"Sake. Cire hannu daga aljihu."

Dariya ta fara ja baya. Tsohon ya daɗe yana kallon hoton. Da ya yi magana, muryarsa ta sauka.

"Na san ana tsayar da ƙafa," ya ce. "Mai ba da umarni ya ce na gasken ya fi ban dariya, ni kuma ina son sunana a sama. Ka yi ta nishi, na yi kamar ban ji ba. Ka yafe mini, Baron."

Malama Ragnhild ta ninke takardarta gida huɗu, ta sa a jaka. Ta zagayo teburin a hankali, ta tsaya a kansa.

"Kawuna Holger ya sa na rantse ba zan buɗe baki ba muddin yana raye, haka dokar masu tanti take," ta ce. "Ranar Talata muka binne shi."

Ta miƙa masa hannu ta tashe shi.

"Na yafe maka, Viggo. Ni ce Baron. Wata biyu na yi cikin fatar birin nan ina 'yar shekara sha tara, kuma kowane shuri na ƙirga shi."