Mai Ƙuli-ƙuli da Ɗanta na Fari

Tunda kin ce zancen zuciya ba na asibiti ba ne, gyara zama ki ji. An yi wata mai ƙuli-ƙuli da ta haifi ɗan fari, namiji. Aka gama jego ba ta yarda ta dubi fuskarsa ba. In ya yi kuka sai ta miƙa wa na kusa, nono ma tana ba shi tana kallon bango. Matan gida suka yi ta yabo, wai ga 'yar mutunci, ga kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kunyar me! Tsoro ne fal cikinta. Gani take in ta ɗaga shi zai suɓuce, in ta yi masa wanka zai shaƙe, ita ba uwar kirki ba ce. Ta shiga banɗaki ta sha kukanta, ta wanke ido ta fito. Matar da ke murza tunkuzar gyaɗa har mai ya tsatso, ta koma tsoron riƙe jariri. Uwar mijinta kuwa ta yanke magana: ranar yaye za ta tafi da jikanta ƙauye, can zai girma, tunda uwarsa kunyarsa take ji. Mai ƙuli-ƙuli kuwa tana son yaron kamar ranta, ga shi al'ada ta ɗaure mata baki.

Ranar riga-kafi, wata malamar asibiti mai sauraron damuwar masu jego ta lura mai ƙuli-ƙuli ba ta ko duban yaron. Ta ja ta ɗaki, ta rufe ƙofa, ta ce, "Shi lafiyarsa lau. Ke fa?" Wallahi tun haihuwar babu wanda ya yi mata wannan tambaya. Ta amayar da komai, har abin da take jin nauyin faɗa wa kanta. Malamar ba ta ce aljanu ba ne, ba ta ce hauka ba ne. Ta ce ciwo ne da kan kama masu jego, kuma yana warkewa. Duk mako suka riƙa zama, suna ɗaukar tsoron nan ɗaya bayan ɗaya suna duba ko gaskiya ne. Malamar ta sa ta yi wa yaron wanka a gabanta, ta nuna mata yadda yake tsit da ya ji muryarta. Wani makon ta koma gida da sauƙi, wani makon da hawaye, amma ba ta fasa zuwa ba. Da yaye ya zo, kakar ta iso da zanen goyo, gida cike da mata. Mai ƙuli-ƙuli ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Inna, ki tafi da shi ya manta nono, amma a dawo mini da shi. Ba kunya ba ce, ciwo na yi, kuma na warke. Ina son ɗana." Tsohuwar ta dube ta, ta ce Allah ya raya, bayan sallah za ta kawo shi da kanta. Ni dai ban taɓa ganin jarumar mace kamarta ba, kuma da ta yi shiru da yanzu wata ke goya ɗanta. Shi ya sa Hausawa suka ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.