Saƙon Badaguishiri

Moctar ya sake karanta saƙon wani direba: "Hatsari a Badaguishiri. Mato ya mutu."

Mato ƙanensa ne, direban motar siminti. Jiya-jiya Moctar ya koya wa kwamfutar buronsu, wato ofishinsu a Malbaza, gyara rubutun direbobi kafin ta rarraba, ya ce in gyaran ya wuce daƙiƙa biyar ta katse ta tura.

Wayar Mato ba ta shiga. Sai ga kiran Inna, labari ya kai gida.

"Wayyo Moctar, gaskiya ne?"

Da ƙyar ya buɗe asalin saƙon da direban ya rubuta, kafin kwamfutar ta katse shi.

"Mato ya mutunta mu, shi ya kai mu asibiti."