Harshen Mista Stroud

Darlene Kucera ta ɗora kwalin takalmi a kan tebur, ta ja da baya, ba ta kuma cire safar robar da ke hannunta ba.

Ranar baje kolin shekara ce ta ƙungiyar masu tara katunan hotunan balan-balan ɗin yaƙi, a zauren ƙarƙashin wani coci a Omaha. Tsofaffi ne zalla, kowa da gilashin ƙara girma a wuya, sun duƙufa kan hoton wani ƙaton abu mai kama da hanjin da aka hura, an ɗaure shi da igiya, ga soja a cikin kwando yana hango abokan gaba. Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare tun kafin a haifi yawancinsu, amma a zauren nan har yau ba a sauko da balan-balan ɗin ba.

Alƙalinsu shi ne Wendell Stroud, kuma da harshe yake alƙalanci. A cewarsa hoton asali yakan ɗan manne in ya ji yawu, na jabu kuwa zamewa yake yi. Duk katin da aka miƙa masa sai ya zaro harshen nan mai fari-fari a sama, ya lashi gefe, ya lumshe ido yana taɓe baki kamar mai ɗanɗana miya. Katin da ya sha hannun mutane da fitsarin ɓeraye shekara da shekaru fa. In ya gama ya goge a wando, ya ɗauki kek da hannun nan dai.

Darlene ta tsani mutumin tun kafin ta gan shi, domin shi ya kori Kawu Emil daga ƙungiyar.

Kawu Emil ƙanin mahaifiyarta ne. Bai yi aure ba, katunan nan su ne iyalinsa. Ya gaje su daga mahaifinsa, wanda ya yi aikin jan igiya a barikin balan-balan, ya kuma adana su fes kamar jiya aka wanke su. Tsabtar ce ta ja masa. Stroud ya dube su sau ɗaya ya ce sun cika fari, shi ba zai ɓata yawunsa a kan jabu ba. Aka cire sunan Emil daga allon katako na sunayen 'yan ƙungiya da ke bango. Tun daga nan tsohon ya kulle kansa a gida, ya daina ɗaga waya, kullum yana durƙushe yana jera katunan a ƙasan ɗaki. A maganarsu ta ƙarshe abu ɗaya ya roƙe ta: ta sa Stroud ya faɗa da bakinsa cewa na gaske ne. A zafin bana aka binne shi, ba a ko buɗe akwatin gawar ba.

Stroud ya ɗage murfin kwalin. Wata mata da ke kusa ta ajiye kofinta ta koma can ƙarshen zaure. Shi kuwa ya cusa hanci ciki ya shaƙa har ƙirjinsa ya ɗago.

"Ƙamshin fagen daga ke nan, 'yata. Na wane ne?"

Ta ce na wani tsoho ne da ya rasu. Bai ƙara tambaya ba.

Katunan sun yi launin ruwan shayi, wasu da baƙin tabo mai zobe-zobe, wasu sun manne da juna har sai da ya sa farce ya ɓamɓare. Darlene ta ce ko gara ya duba da ido kawai. Tsofaffin suka fashe da dariya, wani mai sanƙo ya ce ai in aka hana Wendell lasa, sai a rufe kotu kowa ya tafi gida.

To, ita dai ta faɗa.

Ya lashi na farko, katin ya kama harshensa ɗam. Ya lashi na biyu. Sai ya shiga sharhi: gishirin nan zufar soja ce, ɗacin kuma hayaƙin bindiga. Akwai wani maiƙo-maiƙo da ke tsayawa a dasashi wanda ya kasa ba shi suna, don haka ya sake bin katin tun daga gindin igiya har saman balan-balan. Mai sanƙon ya nemi a sam masa ɗaya, Stroud ya doke hannunsa. Darlene ta kafa wa fankar sama ido. Aka miƙo mata kek, ta girgiza kai.

Sai da ya bi kwalin kaf, sannan ya miƙe ya ƙwanƙwasa kofi da cokali. Ya ce tun da yake lasa bai taɓa cin karo da katuna na gaskiya irin waɗannan ba, kuma ko wane ne mai su, wajibi ne sunansa ya hau allo yau ɗin nan.

"Faɗi sunansa kowa ya ji, 'yata."

"Emil Havlik."

Kunnuwan Stroud suka yi ja, amma magana ta riga ta fita a gaban jama'a. Ya yi gyaran murya ya ce kowa na kuskure, a je a ɗauko guduma da ƙusa. Darlene ta tsaya har ta ga sunan kawunta ya koma wurinsa, sannan ta nufi matakala.

A nan Stroud ya tarar da ita, yana sakace da farce, ya rage murya.

"Amma da na gan su farare ne tas. A ina ya ajiye su suka nuna haka? Gaya mini, in yi wa nawa."

"Ba ajiye su ya yi ba, Mista Stroud," in ji ta. "Yana cikin jera su zuciyarsa ta tsaya, ya faɗi a kansu. Farkon Yuli ke nan, kuma sai a watan Agusta maƙwabta suka fasa ƙofar."